Tambaya da Amsa Kan Lambu: Me Ya Sa Ganyen Badon Ado Ke Rasa Rodi-Rodinsa?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun nuna cewa masu gina ɗan tafkin siminti a tsakar gida suna ƙaruwa, kuma da yawansu sun fara dasa badon ado, wato dangin badon da muka sani a fadama da kududdufi, wanda masana tsirrai suka gyara domin kyan fure da kyan ganye. Uku daga cikin wasiƙun sun zo da tambaya kan launin ganye, saboda haka na haɗa su a wannan fitowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata huɗu ke nan da na sayi bado mai fure ruwan ɗorawa a wajen masu sayar da furanni, na dasa shi a baho, na nutsar da bahon a tafkin da muke kiwon 'yan kifaye a bayan gida. Abin da ya sa na saye shi ganyensa ne, domin kore ne mai rodi-rodin shunayya kamar an yayyafa masa tawada. Yanzu ganyen ya yi faɗi, ya cika ruwan, amma duk ya koma kore zalla. Na zuba masa kashin kaji har sau biyu, na ƙara da yuriya, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Akwai bishiyar mangwaro a gabas da tafkin. Shin cuta ce ta kama shi, ko kuwa tun farko an cuce ni ne?
Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bisa abin da kika bayyana, ban ga alamar cuta ba, kuma ban ga dalilin zargin wanda ya sayar miki ba. Kafin ki ƙara zuba masa komai, ina roƙonki ki yi abu ɗaya gobe da sassafe: ki durƙusa a bakin tafkin, ki ɗaga manyan ganyayen da hannu, ki nemo sabon ganyen da ke tasowa daga ƙasa, wanda har yanzu yake a nannaɗe kamar tabarmar da ba a shimfiɗa ba, ko wanda bai fi kwana biyu da buɗewa ba. Wannan ƙaramin ganye shi ne zai gaya miki gaskiyar halin da badonki yake ciki. Idan kin same shi da duhu, da ɗigo-ɗigon shunayya ko ruwan ƙasa, to, irin yana nan yadda kika saye shi, kuma abin da ya rage gyaran reno ne kawai.

Dalilin haka kuwa yana cikin yadda launin yake samuwa. A cikin ganyen akwai sinadaran launi iri biyu da ke zaune tare. Na farko shi ne kulorofil, koren sinadarin da tsiro ke kama hasken rana da shi domin ya haɗa abincinsa. Na biyu shi ne antosayanin, wanda ke ba da ja da shunayya, kuma shi ne dangin launin da ke rina ruwan zoɓo. Sabon ganye yana fitowa da antosayanin mai yawa, domin a lokacin yana da laushi kuma wannan launi yana kare shi daga zafin haske. Yayin da ganyen ke girma yana kauri, koren yana ƙaruwa har ya rinjayi shunayyar, sai rodi-rodin ya dusashe sannu a hankali. Ganyen bado kuma ba ya daɗewa, 'yan makonni ne ya tsufa ya yi rawaya. Saboda haka a badon da ke cikin ƙoshin lafiya ma, tsofaffin ganyayen da ke can gefe sukan zama kore, rodi-rodin kuma yana tsakiya inda sababbi ke fitowa. Mutane da yawa suna ganin bado a wajen mai sayarwa yana da ganye biyar ko shida, dukansu sababbi, sai su ɗauka haka zai tabbata, alhali ƙuruciyarsa suka gani.

Yadda kika siffanta naki, fure ruwan ɗorawa da ganye mai ɗigon shunayya, ya yi kama da irin da ake kira Chromatella, ko kuma wani daga cikin danginsa. Wani Bafaranshe mai suna Joseph Bory Latour-Marliac ne ya fitar da shi a 1887, a gonar renon bado da ya kafa a 1875 a ƙauyen Le Temple-sur-Lot da ke kudu maso yammacin Faransa. Kafin aikinsa, badon da ke jure sanyin Turai kusan fari ne kaɗai, shi ne ya haɗa shi da na wasu ƙasashe ya samo mai ruwan ɗorawa da ja da ruwan hoda. A wajensa ne mai zane Claude Monet ya sayi badon da ya dasa a tafkinsa na ƙauyen Giverny a Faransa, bayan ya ga furannin a baje kolin Paris na 1889. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, yawancin masu furen ruwan ɗorawa sun gaji ɗigon ganyensu daga wani badon daji na kudancin ƙasar Amurka da Meziko, kuma ɗabi'ar wannan ɗigo ce ya yi ƙarfi a sabon ganye ya yi sanyi a tsoho.

Sai dai a wasiƙarki akwai abubuwa biyu da suka gaggauta dusashewar, kuma babba daga cikinsu shi ne takin da kika zuba da kyakkyawar niyya. Kashin kaji da yuriya dukansu cike suke da naitirojin, shi kuwa naitirojin aikinsa gina ganye da ƙara masa kore. Duk manomin masara ya san yadda gona ke yin duhun kore kwanaki kaɗan bayan an watsa yuriya. Abin da ake so a gonar masara shi ne daidai abin da ke shafe adon bado: ganye ya yi faɗi, ya yi kauri, koren ya binne shunayyar, fure kuma ya ragu. Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Taki irin wannan idan ya narke a ruwan tafki yana ciyar da gansakuka har ruwan ya zama kore kamar miyar kuka, kuma yana sakin amoniya, wadda guba ce ga kifi. Don haka ki daina duka biyun daga yau, ki kuma canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ki maimaita bayan mako guda. Idan ruwan famfo ne kike amfani da shi, ki tara shi a mazubi ya kwana kafin ki zuba.

Na biyu shi ne mangwaron. Bado tsiron rana ne, yana buƙatar aƙalla awa 6 na rana kai tsaye a kullum, kuma hasken ne ke sa ganye ya ƙera antosayanin. A inuwa tsiro yana yin akasin haka, yana ƙara kore domin ya kama ɗan hasken da ke iso shi. Bishiyarki tana gabas, ke nan tana cinye hantsi, wanda shi ne mafi amfanin haske a ƙasarmu, domin yana da ƙarfi amma ruwan bai riga ya yi zafi ba. Ba na ba ki shawarar sare mangwaro saboda bado. Ki sa a rage rassan da suka miƙo kan tafkin, ko ki jawo bahon zuwa ɓangaren yamma inda inuwar ke fara janyewa. Ki tsaya wata rana ki lura da ƙarfe nawa rana ke sauka kan ruwan da ƙarfe nawa take barinsa, domin ido yakan yaudari mutum a wannan lissafi.

Akwai kuma inuwar da badon ke yi wa kansa. Kin ce ganyen ya cika ruwan. Idan ganye ya hau kan ganye, wasu ma suka miƙe tsaye sama da ruwa don neman wuri, sababbin da ke tasowa suna buɗewa ne a ƙarƙashin manya, su yi ƙuruciyarsu a duhu, kafin su samu fili lokacin adonsu ya wuce. Ki riƙa bin tsofaffin ganyaye sau ɗaya a mako, ki bi sandar kowanne da yatsu har kusa da gindi ki tsinke, ki bar fili yadda za ki riƙa ganin ruwa tsakanin ganye da ganye. Wannan ɗan aiki shi kaɗai yakan dawo da kyan tafki cikin sati biyu ko uku, kuma a ganina ya fi kowane magani da za a sayar miki. Idan kainuwa ta shigo, ita ma a tsame ta.

Idan bayan wata guda sababbin ganyaye suna ci gaba da fitowa kore, sai a sake dashe, domin ƙasar bahon ta ƙoshi da taki fiye da kima. Ki samo ƙasar fadama mai nauyi, wadda idan an dunƙule ta da danshi take riƙe siffarta, kada ki gauraya ta da takin gargajiya ko ɓuntun shinkafa ko dussar katako, domin waɗannan suna tasowa saman ruwa kuma suna ruɓewa. Baho mai faɗi ya fi mai zurfi. Saiwar wannan iri tana kwanciya ne kamar citta, saboda haka ki ɗora tsohon ƙarshenta a jikin bahon, kan da ke tsiro ya fuskanci tsakiya, ki bar idon a waje kada ƙasa ta rufe shi, sannan ki shimfiɗa tsakuwa a sama don kada kifi ya tone. Da farko ki ɗora bahon a kan bulo yadda ruwan da ke kan idon ba zai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, idan ya kama sai ki sauke shi zuwa santimita 30 ko 45. Abincinsa kuwa, ƙaramin cokali guda na takin kamfa ya isa: a cusa shi cikin dunƙulen yumɓu kamar girman ƙwai, a shanya ya bushe, a tura shi da yatsa can cikin ƙasar nesa da idon, a toshe ramin. Sau ɗaya a wata ya wadatar a lokacin da yake girma, a hunturu kuma a dakata.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, nawa badon wani ɗan'uwa ne ya kawo mini shi daga waje. Ganyensa yana da fari-fari da ruwan hoda da kore a cakuɗe, babu ganye biyu masu kama ɗaya. Yana cikin rana sosai kuma ban taɓa ba shi yuriya ba. Amma bana wani reshe ya fito daga gefe, ganyensa kore ne tun yana sabo, ya fi sauran girma, kuma ina ganin yana neman cinye bahon.
Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Malam, taka matsalar daban ce da ta Hajiya, kuma ita ce wadda ba ta son jinkiri. Siffar da ka bayar ta dace da irin da ake kira Arc-en-Ciel, ma'ana bakan gizo da Faransanci, wanda shi ma Latour-Marliac ne ya fitar da shi a 1901. A irin wannan ganye, farin da kake gani ba wani launi ba ne da aka ɗora a kan kore. Wuri ne da kulorofil ya yi ƙaranci ko babu shi sam, inda kuma antosayanin ya hau kan wannan fari sai ya ba da ruwan hoda. Tsirrai masu irin wannan ado suna ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu a idon da ke tsiro, masu yin kore da waɗanda ba sa yi. Wani lokaci sabon ido yakan fito daga ɓangaren masu kore zalla, kuma daga nan duk ganyen da zai haifa kore ne. Babu rana ko taki ko ragin taki da zai mayar da shi, domin abin a asalin idon yake.

Abin da ya sa na ce ba a jinkiri shi ne, reshen kore ya fi ɗan'uwansa ƙarfi. Dukan faɗin ganyensa yana haɗa abinci, alhali mai ado rabin ganyensa ne ke aiki, saboda haka koren yana girma da sauri, ya yi wa mai adon inuwa, ya kwashe abincin bahon, kuma cikin shekara ɗaya ko biyu sai a wayi gari babu sauran bakan gizo. Ka fitar da bahon, ka wanke lakar da ke kan saiwar da ruwa har ka ga inda kowane ido yake, ka bi sandar koren ganyen da hannu har ka tabbatar da idon da ta fito, sannan ka yanke wannan reshe da wuƙa mai kaifi kuma mai tsabta daga inda ya haɗu da uwar. Kada ka tsaya ga tsinke ganyen kaɗai, domin idon zai sake fitar da wasu. Idan ba ka son jefar da shi, ka dasa shi a bahonsa daban, zai yi maka fure. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne kada ka yanke hukunci da ganye ɗaya. Wannan iri yakan fitar da ganye mai yawan kore jefi-jefi, na bayansa kuma ya zo da ado. Sai ka ga ganye huɗu ko biyar a jere daga ido guda duk kore, sannan ka ɗauki wuƙa.

Wannan komawa ga asali ba laifin renonka ba ne, kuma tana faruwa har ga shahararrun iri. Akwai wani bado mai suna Wanvisa da Dakta Nopchai Chansilpa na ƙasar Tailan ya fito da shi, wanda ya lashe kyautar sabon bado mafi kyau ta ƙungiyar masu renon bado ta duniya a 2010. Ya samo asali ne daga wani iri mai furen ruwan ɗorawa da ake kira Joey Tomocik, kuma masu renonsa sun san cewa yakan fitar da fure rabi ruwan hoda mai ɗigo-ɗigo rabi ruwan ɗorawa, wani lokaci ma ya koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya kamar uwarsa. Sanyin Jos kuwa alheri ne a gare ka, domin hasken rana mai ƙarfi tare da dare mai sanyi suna ƙara wa ja da shunayya ƙarfi a ganye, abin da masu tafki a Sakkwato ko Maiduguri ba sa samu a tsakiyar bazara.

Idan wata rana ka so yaɗa shi ga 'yan'uwa, ka raba saiwa, ka zaɓi idon da ya fi ado. Abin da ya tsiro daga ƙwayar iri ba ya fitowa kamar uwarsa.

TAMBAYA: Na ciro bado daga fadamar garinmu na sa a tafkin gida. Kwanan nan ganyen ya fara yin rawaya-rawaya da tabo masu ruwan ƙasa. Shin ado ne yake fitowa irin wanda nake gani a hotuna?
Daga wani mai karatu a Haɗeja.

AMSA: Malam, da wuya ya zama ado, amma ga yadda za ka bambance. Ado yana fitowa tare da sabon ganye, wurin yana da santsi da sheƙi, kaurinsa ɗaya da sauran ganyen. Tabon lalura kuwa daga baya yake zuwa, yana faɗaɗa kullum, yakan yi laushi ko ya bushe ya huje. Idan tsofaffin ganyaye ne kaɗai ke rawaya, tsufa ne, ka tsinke su. Idan duk ganyen sun koɗe, sun ƙanƙance, fure ya ɗauke, yunwa ce, kuma a nan dunƙulen yumɓu mai takin kamfa da na bayyana a sama zai yi aiki. Ka duba saman ganye da sandar fure ko akwai darɓa, ƙananan ƙwari baƙaƙe masu tsotsar ruwan tsiro. Idan akwai, ka watsa musu ruwa da ƙarfi su faɗa tafkin kifi ya cinye su, kada ka kusanto da maganin feshin gona, domin yawancinsa yana kashe kifi nan take. Idan gefen ganyen ne aka gutsuttsura, ka tuhumi karfasa, ita takan ci ganye, tarwaɗa kuma takan tone gindi ta dagula ruwa.

Mu da ke arewa muna da wani abu da littattafan Turai ba sa ambata, wato ƙurar hunturu. Ganyen bado ta samansa yake numfashi, domin ƙasansa yana kwance a ruwa, kuma a watan Disamba da Janairu ƙura takan kwanta masa har ya yi fari-fat. Na sha goga yatsa a kan ganyen da na ɗauka ya koɗe, sai in ga launinsa garau a ƙarƙashin layin da yatsan ya bi. Danna ganyen cikin ruwa da tafin hannu da safe ya isa ya wanke shi. A wannan lokaci ruwa yana sanyi, badon ƙasashen zafi kuma yana rage girma idan ruwan ya sauka ƙasa da digiri 21 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka ƙarancin sabon ganye a hunturu ba abin tayar da hankali ba ne.

Kada kuma ka raina abin da ka ciro daga fadama. Badonmu mai farin fure, wanda ke buɗewa da dare ya rufe kafin azahar, shi ne masana ke kira Nymphaea lotus, kuma wani nau'insa mai jan ganye da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa ana sayar da shi a Turai da Asiya ga masu kiwon kifi a akwatin gilashi. Akwai kuma wani na Afirka ta Yamma, Nymphaea micrantha, mai ganyen ƙarƙashin ruwa rodi-rodi, wanda ke haifar ɗan tsiro a tsakiyar ganyensa daidai inda sanda ta haɗu da shi. A waɗannan biyun adon ya fi fitowa a ganyayen da ke nutse, na saman ruwa kuwa galibi kore ne. Idan ruwan tafkinka ya kwanta ya yi garau, ka leƙa ƙasa kusa da gindin da hantsi, ka duba ganyayen da ba su riga sun taso ba, ka kuma rubuto mini launin da ka gani da siffar bakin ganyen, ko mai haƙora ne ko mai santsi, domin in gane wane ne daga cikinsu ka samu.